Maginin da Ya Shiga Gidan Zanzaro

A shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyu da uku bayan Hijira, wadda Nasara ke kira 1789, shekarar da gadajen sarauta suka yi ta girgiza gabas da yamma, wani magini ya shiga gidan zanzaro da ƙafarsa, ya fito ta bakin indararo. Sunansa Tunau, mutumin Birnin Ƙirya.

Tunau gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kada, magana kuwa sai an matsa masa. Amma duk soron da ya rufe, mai gida yakan ƙare damina bai ajiye ƙwaryar tarar ɗigo ba. Irin waɗannan mutane su ke riƙe da gari, kuma su ne ba a yi wa kirari.

Sarkin garin, Jatau, ya shekara goma sha tara yana ɗora wa talakawa kaya. Bana sai ya ƙara da cewa kowane namiji ya bar gonarsa a tsakiyar damina ya zo gyaran ganuwa. Duk wanda ya san gini ya san ba a yaɓen ganuwa ana ruwa, duk wanda ya san noma ya san ciyawa ba ta jiran kowa. Ƙanen Tunau, Ranau, manomi ne mai baki kamar aska. Ya je ƙofar fada ya faɗi wannan magana da ƙarfi, aka jefa shi ramin kurkuku tare da mutum goma sha ɗaya da suka ce gaskiya ya faɗa. Manoman ƙauyuka suka yi rantsuwa ranar Juma'a za su shigo gari da fartanya da gatari. Sarkin dogarai shi ma ya rantse, da zarar fartanya ɗaya ta ƙetare ƙofar gari, sai ya yanka na cikin ramin kafin ya fita tarbar kowa.

Ranar Laraba da hantsi Tunau ya kai wa ƙanensa tuwon da matarsa Yalwa ta tuƙa. Ya zura ƙwaryar da igiya. Ranau ya ɗanɗana, ya ɗaga kai.

"Yaya, ka gaya wa matarka, in Sarkin dogarai bai kashe ni ba, miyarta za ta kashe ni. Gishiri ya ƙare a duniya ne?"

Tunau ya ce masa ya ci ya yi shiru, bakin nan ne ya kai shi inda yake. Na cikin ramin suka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tunau ya naɗe igiyarsa ya tafi wani zaure da yake gyarawa, don bai san abin da zai yi ba in ba aiki ba.

Maginan Ƙirya suna da wata al'ada: ba sa fasa gidan zanzaro. In suka tarar da shi a bango, sai su kewaye shi da yaɓe su wuce, suna cewa abokin sana'a ne, shi ma da ƙasa yake ci. Shekara talatin Tunau yana gini bai fasa ko ɗaya ba. Ran nan yana kankare bango sai wani zanzaro mai tsawon yatsa ya sauka a kan tubali, ya yi masa sallama da muryar dattijo.

"Aminci ya tabbata gare ka, ya abokin sana'a. Hazbaru, Sarkin Maginan Aljanu, yana kiranka. Soraye na faɗuwa a birninmu, an rasa dalili. A cikinsu akwai wanda ran ƙanenka ke rataye da shi."

Tunau ya yi a'uziyya. Zanzaro bai ɓace ba. Sai ya ɗauki ƙaramar fartanyarsa ta kankare yaɓe da kwandon ɗaukar ƙasa, ya ce a yi masa jagora. Zanzaro ya ce ya sa yatsa a bakin gidan. Yana sawa, bakin ya buɗe ya zama ƙofa mai tsayin raƙumi, ya shiga, ta rufe a bayansa.

Abin da ya fara tararwa shi ne wani fili na kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ja wur, iyakar ganin ido. Nan da can ana hango kan mashi, ko tsinin takobi, ko bakin rawani, sun leƙo daga cikin laka. Zanzaro ya ce waɗannan jarumai ne da malaman tsibbu da aka kira kafinsa. Wasu sun sheƙa da gudu, laka ta kama su. Wasu sun tsaya karanta surkulle, ta haɗiye su a tsaye. Shi kuma fiffikensa ba zai ɗauki mutum ba.

Tunau ya tsuguna ya murza ƙasar a yatsunsa, ya shinshina. Ya ga ai kwaɓi ne kawai, irin wanda yake takawa tun yana ɗan shekara bakwai. Ya naɗe wando, ya shiga yana cuɗawa kamar yadda ake cuɗa ƙasar gini: dunduniya ta sauka, yatsu su tashi, ƙafa biyu ba sa hutawa tare, ba gudu ba tsayawa. Laka ta ja shi har gwiwa, ta ja shi har ƙugu, wasu hannaye masu sanyi suka riƙa shafar ƙaurinsa daga ƙasa, bai canza taki ba. Haka ya yi ta yi har cinyoyinsa suka mutu, ya fita a ɗaya gaɓar.

Daga nan suka shiga ƙasar gara, inda suri ya fi ganuwar Ƙirya tsayi. Dakarun gara, kowanne kamar ɗan akuya, suka tare hanya suka ce ba mai wucewa sai ya ba da itace. Ba shi da itace sai ƙotar fartanyarsa. Ya miƙa, suka cinye ta kafin ya ƙifta ido, suka bar masa ruwan ƙarfen tsirara. Ya jefa shi a kwando ya yi gaba.

Sai ga kurmin giginya. Yana sa ƙafa itatuwan suka matso juna suka zama bango, 'ya'yansu suka fara faɗowa, kowanne kamar turmi, ƙasa na girgiza. Tunau ya kifa kwando a ka ya tsaya. Wata tsohuwar giginya, wadda kanta ya shige cikin gajimare, ta yi magana kamar ana jan ƙofar ƙarfe.

"Mun san ƙamshinka, ya mai tsaga. Kai ne kake sare 'ya'yanmu, ka tsaga su gida huɗu, ka kira su azara, ka binne su a ƙarƙashin laka. Da wace fuska za ka ratsa mu?"

Tunau ya cire kwandon, ya durƙusa. "Uwar kurmi, Allah ya ƙara miki tsayi. Na sare, ba na musu. Amma ban taɓa sare mai 'ya'ya ba, sai namijin da ya tsufa. Kuma tun da nake, ban taɓa ɗora wa azara abin da ya fi ƙarfinta ba. Ki tambayi duk wadda na shimfiɗa."

Iska ta zo daga nesa ta ratsa ganyaye, kamar ana kawo shaida. Sannan tsohuwar ta ce an tambaya, an kuma amsa. Ta ce ya wuce, ya je ya ga abin da waɗanda ba su san wannan ba suka yi. Itatuwa suka dare masa.

Bayan kurmin ne birnin yake. Rana ba ta faɗuwa a can. Ba kasuwa, ba rijiya, ba komai sai soraye, dubu bisa dubu, wani kamar dutse wani kamar akurki, kowanne da nasa hadarin tsaye a kansa. Ko'ina kuma ana jin wani nishi a hankali, irin na mutumin da ya daɗe da kaya a ka. Aljanu suna ta kai da kawowa a sama da tulin ƙasa a tafin hannu.

Hazbaru ya fito tarbarsa. Tsayinsa ya kai na kuka, gemunsa hayaƙi ne, idanunsa garwashi, ga warkin fata a ƙugunsa kamar na kowane ma'aikaci. Ya yi wa Tunau maraba da ladabi, ya bayyana masa cewa duk wani mai mulki a bayan ƙasa yana da soro a nan. Azarorin rufin su ne mutanensa. Duk abin da ya ɗora musu a duniya, aljanu ne ke ɗauko shi su mai da shi ƙasa su yaɓa a kan rufin. Abin da ya sami soro kuwa, yakan sami ƙasar. Su dai ba su san gaibu ba, Allah kaɗai ya san shi, aikinsu yaɓe ne. Amma bana rufi sai ruftawa yake, sun ƙara ƙasa, sun ƙara ado, abin sai gaba yake yi.

Ya kai shi wani ƙaton soro da ba a taɓa ganin irin adonsa ba, bango duk madubi da ruwan zinariya. Rufin ya rufta ta tsakiya. Hazbaru ya ce na sarkin Faransa ne, kwanan nan ya faɗi. Tunau ya leƙa ta ramin, sai ya ga wani birni na fararen mutane, maza da mata cikin tsumma suna jan manyan bindigogi, sun fasa wani gidan kurkuku mai hasumiya takwas. Suka fito da mutum bakwai kacal daga ciki, amma ga kawunan mutane a kan sanduna ana yawo da su. Ya lura azarar da ta karye ba ta zaɓar wanda za ta soka, na sama da na ƙasa duk ɗaya ne a wurinta. Ya kau da kai.

Kusa da nan akwai wani ɗan soro da ke lilo a kan ruwa. Wannan na wani jirgi ne a tsakiyar teku, matuƙa sun gaji da shugabansu, sun sauke shi a ƙaramin kwalekwale sun juya abinsu. Hazbaru ya wuce shi da sauri, don yana ɗokin nuna wa baƙo wani sabon soro a hayin babban teku, wanda ya ce shi ne abin alfaharinsu. Mutanen ƙasar ne suka zaɓi shugabansu da kansu a wannan shekara, rufin sakayau, ko tsaga babu. Tunau ya yaba aikin, don ya cancanci yabo. Amma magini ba ya yaba soro daga waje kawai. Ya sunkuya ya shiga, ya ga an jera wasu baƙaƙen azarori a can ƙasa, ɗaure da igiya, dukan ginin a kansu yake, kuma ba a lissafa su cikin rufin ba. Ya fito ya ce wannan zai yi shekaru, amma ranar da zai tsage, daga ƙasa zai fara.

Sannan aka kai shi soron Birnin Ƙirya. Ɗan madaidaici ne, da zanko huɗu manya a kusurwoyinsa waɗanda suka fi ƙarfin ginin. Rufin ya yi ciki kamar tsohuwar jaka. Hadarin da ke kansa ya yi baƙi ƙirin, Hazbaru ya ce da alama ba zai wuce Juma'a ba. Tunau ya shiga ciki ya kasa kunne. Kowace azara tana nishi da muryar wani da ya sani. A tsakiya, inda lanƙwasar ta fi tsanani, akwai guda goma sha biyu da suka fara tsagewa, ɗaya a cikinsu tana nishi tana mita. Ko a mafarki ya san wannan murya, ta Ranau ce.

Ya hau tsani ya zura hannu a wata tsaga, bai taɓo azara ba sai da kafaɗarsa ta shige. Ya sauko ya ɓamɓaro wani gutsuren yaɓe da kyar, ya roƙi Hazbaru ya ɗaga. Aljanin ya ɗauke shi da ɗan ƙaramin yatsa. Tunau ya tambaye shi ko ya ji nauyi.

"Mene ne nauyi, ya ɗan Adam?"

Nan Tunau ya gane ciwon. Halittar da ke ɗaukar dutse kamar auduga ba za ta san abin da ƙasa ke yi wa itace ba. In rufi ya yi ɗigo sai su ƙara yaɓe a kan tsohon yaɓe, shekara bisa shekara, ba wanda ya taɓa kankare na bara. Ya duba indararo, ya tarar an cusa masa tsumma an liƙe da laka. Hazbaru ya ce ai duk sarkin da ya toshe kunnensa daga kukan mutane, su ma sai su toshe masa indararo, kuma suna yin haka da murna, don da wuta aka halicce su, ba sa son ruwa na zuba musu a hanya. Tunau ya gaya masa a fili, ba ruwan sama ke rushe soro ba, ruwan da ya rasa mafita ne, a kan rufin da aka yi wa kaya fiye da kima. Magani shi ne a rage, a kuma buɗe.

Hazbaru ya dube shi, hayaƙin gemunsa na murɗawa. Ya ce dokarsu ta ba su ikon ɗorawa, ba ta ba su ikon saukewa ba. Ba mai sauke ƙasa daga rufi sai mutumin da ke ƙarƙashinsa, kuma sai a kansa, ta tsani, kwando bayan kwando, da nauyinta na gaskiya. In rufin ya rufta yana sama, ya zama na birnin har abada.

"Amma kai baƙona ne, kuma ka faɗa mini abin da ban sani ba cikin shekara dubu," in ji Hazbaru. "Zan yi maka kyauta. In zare maka azarar ƙanenka ita kaɗai, ka saɓa ta ka tafi. Za ka same shi a gida yana shan fura. Sauran kuma abin da Allah ya yi."

Tunau ya san abin da ke faruwa in aka zare azara ɗaya daga rufin da ya yi ciki. Ya kuma san hadarin nan ba jiransa zai yi ba, kuma hanyar da aka ba shi ita ce tabbatacciya. Ya tsaya yana jin mitar nan daga cikin soro, zuciyarsa na ja kamar a amsa. Wanda ya ce bai ji kwaɗayin tayin ba, ƙarya yake yi masa, kuma ya rage masa daraja.

"Ranka ya daɗe, na gode. Amma in na zare ta, goma sha ɗayan da ke gefenta za su karye kafin in kai ƙofa, gari ya bi bayansu. Ban taɓa rushe ɗaki don in ceci itace ɗaya ba. A ba ni tsani."

Ya hau da ruwan fartanya ba ƙota. Ya fara daga gefe yana zagayawa, don in aka sauke ɓangare guda kaɗai nauyin kan koma ɗaya ɓangaren. Yaɓen farko, na gyaran ganuwa, ɗanye ne, ya ɓare da sauƙi. Na ƙarƙashinsa, na hatsin da ake kwashewa daga rumbunan mutane, ya yi tauri kamar marmara. Ƙarfen ya yanka tafinsa, ya yagi bakin rigarsa ya naɗe, ya ci gaba. Kowane kwando in ya ɗora a ka sai ya ji kamar an aza masa jaki. Ya sauka, ya zubar, ya hau. Ya sauke na jakunan da aka ƙwace, ya sauke na gonakin da aka raba wa fadawa. Tun yana jin wuyansa har ya daina ji.

Da farko aljanu sun taru suna dariya, suna cewa ku zo ku ga halittar da ɗan gutsuren laka ke sa wa haki. Wani ya ce a ba shi auduga ya gwada, ko ita zai iya. Can sai dariya ta ragu. Da tsanin ya fara zamewa, wani baƙin aljani mai ƙaho ɗaya ya matso ya riƙe shi, ya dubi Hazbaru ya ce doka ba ta hana riƙe tsani ba. Hazbaru ya ce ba ta hana ba.

Ya kai tsakiyar rufin, yana takawa kamar mai taka ƙwai, sai ya ji ƙas a ƙarƙashin ƙafarsa. Azara ɗaya ta karye. Ya daskare a wurin, ya kasa kunne. Mitar nan tana nan. Muryar da ta ɗauke, ta wani tsoho ce cikin na ramin kurkuku, Korau mai saƙar tabarma. Daɗi ya ratsa Tunau kafin ya iya hana shi, sannan kunyar daɗin ta rufe shi, har ya gwammace nauyin kwando a kanta. Ya yi wa tsohon addu'a, ya ci gaba da kankara.

Hadari ya fara ruri. Ya ga ba zai iya sauke komai ba, sai ya bar tsofaffin yaɓe biyu na ƙasa, ya nufi zankwaye. Ya sare gindin na farko ya sauke shi gutsure-gutsure, ya sare na biyu. Azarori suka ɗan miƙe, nishin ya sassauta. Sai ɗigon farko ya faɗo. Aljanu suka watse neman mafaka, har mai riƙon tsani, don ruwa na ƙona su kamar yadda wuta ke ƙona mu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya fara taruwa a kwarin rufin, ya haɗu da wanda ya daɗe kwance a cikin yaɓe.

Tunau ya ja ciki zuwa bakin indararo. Ya sari laka, ƙarfen ya suɓuce ya faɗa ƙasa. Ya sa hannun dama ya zura har kafaɗa, ya kamo tsumman. Ruwan da ke bayansa tafasasshe ne, don kukan shekara goma sha tara ne da ba a saurara ba. Ya ji fatarsa na saɓulewa. Hazbaru ya yi masa tsawa daga wata rumfa ya saki ya tsira da hannunsa. Tunau ya dafe bango da ƙafa, ya yi bisimilla, ya fizge.

Ruwan ya fito da ƙara kamar ta kasuwa, muryoyin zawarawa da na tsofaffi da na manoma duk a haɗe, ya sure shi ya shige da shi cikin indararon. Ya ga duhu, ya ga ja, sannan ya faɗo tim a cikin taɓo, ruwa na zuba masa a ka daga indararon fadar Birnin Ƙirya. Hantsin Juma'a ne, ana yayyafi.

Yalwa ce ta tsince shi, bayan kwana biyu tana nemansa. Ta ja shi gindin katanga tana faɗa tana kuka, tana kuma ba shi labari duk a numfashi ɗaya. Ta ce tun Laraba abubuwa ke faruwa. Sabon yaɓen ganuwa ya zube, Sarki ya ce a bar aikin kowa ya koma gona, ba wanda ya san abin da ya taɓa shi. Rumbun fada ya tsage, mata suka kwashi hatsi, ya ce a ƙyale su. Jakunan da ke turke suka tsinke kowanne ya nufi gidan mai shi. Yau da safe kuma aradu ta sauke zanko biyu na fada, fadawa suka tsere, ƙyauren ƙofa ya faɗi da kansa. Manoma sun taho da makamansu, amma da suka ci karo da jakunansu a hanya suka ji labari, sai dattawansu suka ce a jingine fartanyoyi a bayan ganuwa a shiga a ji tukuna. Ko ɗaya ba ta ƙetare ƙofa ba.

Tunau ya juya da dukan jikinsa, don wuyansa ya ƙi juyawa. Ga Sarki Jatau zaune a dakalin zaure, ba rawani, ruwa na bin fuskarsa. Mutane sun yi layi, kowa na faɗin abin da ke cikinsa, wasu da zagi, shi kuwa yana ji. Kada a ɗauka ya zama waliyyi. Yaɓe biyu na nan a rufinsa, kuma mai hali ba ya rasa ranar komawa halinsa. Amma ran nan ya ji, kuma ba a zubar da jini ba, alhali a wasu ƙasashe a wannan shekara sai da jini ya gudana kafin masu mulki su ji.

Kafin azahar aka zura igiya a ramin kurkuku. Mutum goma sha ɗaya suka fito da ƙafafunsu, aka fito da Korau a naɗe cikin tabarma. An ce ranar Alhamis ya jingina da bango ya cika, ba ciwo ba komai.

Ranau ya fito duk laka, yana ƙifta ido, ya hango wansa a gindin katanga da wuya a karkace. Ya ƙaraso yana cewa kowa ya zo fada da kukansa, shi Yaya ya zo ya zauna kamar jakin da aka sauke wa mangala. Ya miƙa hannu zai tashe shi, Tunau ya ba shi na hagu. Ranau ya ce yaushe aka fara ba mutane hagu a gidansu, ya sunkuya ya janyo na daman daga cikin riga. Hannun ya ƙanƙance, ya yi fari fat har kafaɗa, yatsun sun dunƙule. Hannun da ba zai sake riƙe tubali ba.

"Yaya, wa ya yi maka wannan?"

"Aiki ne."

Ranau ya dubi Yalwa, ta girgiza kai, ita ma ba ta sani ba. Ya tsuguna ya juya baya, ya ce a taimaka a ɗora masa shi. Ya goya wansa kamar yadda ake goya yaro, ya miƙe, ya kama hanyar unguwarsu ta cikin taro. Da suka kai mararraba Tunau ya taɓa kafaɗarsa da hannun hagu, ya ce ba nan ba, ya bi bayan masu ɗauke da tabarma. Ranau ya ce ai sai ya fara zuwa gida a duba hannun, ta'aziyya ba ta guduwa, kuma ma me ya haɗa shi da Korau da har zai riga dangi?

Tunau ya ce, "A ƙarƙashin ƙafata ya karye. Kai ni."

Ranau bai fahimta ba, amma ya juya, ya bi bayan gawar da wansa a baya.